Kujerar Malam Sule

Daren Laraba, Nassarawa

Yau na gama gyara littafin bayanin na'urar tsara rubutu ta maɗaba'armu. Na ƙara yadda za a sa ta riƙa warware gajerun sunayen hukumomi da kanta. A da Malam Sule kaɗai ya haddace su, kuma sai na durƙusa yake gaya min.

Alhaji mai maɗaba'ar ya sa na karanta shafin a gaban Malam Sule, sannan ya ce, "Malam Sule, kanka ya huta. Gidana ana neman mai ba fulawa ruwa."

Tsohon ya dube ni. "Ɗana, haka za mu yi?"

Na ce ya goge min kujerarsa ta ƙarƙashin fanka kafin ya tafi.