Baƙin Wandon Wilfred

Asibitin masu tarin fuka, Yorkshire
Fabrairu, 1906

Yaya Maud,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan autanki Cyril. Yaya ciwon ƙafar nan taki? Ni dai ga ni nan, kullum a kwance a baranda, wai sanyin tudu ne magani.

Kin san sun ƙwace min rigar ɗaure ƙugu? Likita ya ce huhu na son sarari. Ni da nake ɗaurewa tun ina budurwa, yanzu ji nake kamar buhun gari. Za ki yi dariya in kin gan ni.

Wata alfarma nake nema. Maigidana Edmund ya rubuto cewa uwarsa na son a cire wa ɗanmu Wilfred doguwar rigar yarinta, a sa masa wando, a aske masa gashi, tunda ya kusa shekara biyar. Don Allah ki je ki roƙe ta ta jira ni. Kin san da zarar yaro ya shiga wando ya bar hannun uwa ke nan, ya zama na ubansa. Shuɗin yadin kayan sojan ruwa na nan a ƙasan akwatina, ni na yanka shi da hannuna kafin a kawo ni. Ni zan ɗinka, ni zan riƙe almakashin askin.

Ƙanwarki,
Hester

Afrilu

Yaya Maud,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Saƙonki ya iso, da ɗan gashin da kika naɗo a ciki. Na gode da kika tsinto min shi, amma na yini ina kuka.

Ashe surukar tawa ba ta jira ba. Wai ce miki ta yi, "Yaran layi na kiransa 'yar Hester, sai yaushe uwar tasa za ta tashi?" Edmund kuwa, in uwarsa ta yi tari shi ke kama ƙirji. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu ban amsa masa ba.

Ko da yadina ta yi ɗinkin? Ba ki faɗa ba, kuma ba halinki ba ne tsallake zancen tufafi. Ki aiko min da hoto. Jinin da nake tofarwa ya dawo makon jiya, kaɗan ne, kar ki gaya wa kowa.

Taki,
Hester

Mayu

Yaya Maud,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Hoton ya zo. Ya yi kyau, kunnuwan ubansa sun fito fili. Na gode kuma da kika daina ɓoye min cewa yadin baƙi ne. Kin ce ta ce baƙi ba ya nuna datti. Yaya, ni da ke mun san matar nan. Ba ta ɗinka abu sau biyu in ɗaya zai yi. Kuma na duba ƙafar wandon da kyau. Ita da ke barin lanƙwasa mai faɗi a kayan kowane yaro don ya girma a ciki, wannan cif ta yi masa. Ba na baɗi ta ɗinka ba, na bana ne. Likita ya gaya musu abin da ya ƙi gaya min, ita kuma ta shirya wa jikanta kayan makokin uwarsa.

Ban ma iya yin fushi ba. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Shuɗin yadin, ki ɗauka wa Cyril. Kafin Wilfred ya cika shekarar makoki a baƙi, yadin ya yi masa kaɗan.

Sun ce za a bar ni in ga yaro ta bayan gilashi. Ki kawo min shi ranar Lahadi. Da na ce ki sa masa tsohuwar farar rigarsa, sai na tuna zai ji kunya a jirgin ƙasa, shi da ya zama namiji. Ki kawo shi a baƙin. Kowa zai gan shi a ciki ran jana'izata ban da ni, gara in riga su.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hester