Na Rantse Atamfar Waje Ba Za Ta Kwana a Gidana Ba

Hajiya Maiturare, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni mutumin Sandamu ne, amma ƙuruciyata a wata masaƙa ta ƙare a Kano, sashen buga zanen atamfa. A lokacin, in na zo hutun salla har layin gaishe ni ake yi. Sai aka ce gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki da ƙasashen duniya, wai kowa ya kai kayansa kasuwar kowa. Mu dai ba mu ga inda aka kai namu ba, nasu ne ya cika kasuwar Kwari. Aka yi ta rage mu, daga baya aka garƙame ƙofa. Ranar da aka sallame mu, a gaban abokan aikina na rantse da Allah atamfar waje ba za ta kwana a gidana ba.

Na dawo gida na kama noma, abin da rabona da shi tun ina yaro. Gero ba ya kai mu bazara, amma ba a taɓa fasa ɗora tukunya ba, ni kuwa na ɗauka albarka ce. Ashe maiɗakina Haulatu ce ke sayar da atamfar Sin a ɓoye. Ƙaninta Kalilu ke shigo da ita ta iyakar garin Babban Mutum a kan babur. Ina laluben takalmina a ƙarƙashin gado na jawo turmi guda. Hajiya, zanen namu ne sak suka kwaikwaya, har da rubutun wai an yi a Najeriya.

Na yi faɗa sosai. Ta bari na gama, sannan ta ce tuwon da nake ci in samu ƙarfin zagin Sinawa a majalisa, kayan Sinawan ne ke yin cefanensa. Na ce ta zaɓa, ko ni ko atamfa. Ta kira mai mota, ita da atamfar suka tafi gidansu a Zango. Ban sake ta ba, amma tun ranar garau-garau nake saye a bakin tasha.

Yanzu Kalilu ya zo wai in zauna masa a sabon shagonsa na Daura, tunda na san atamfa. Ni da na yi rantsuwa? Ina zan sa fuskata in abokan aikina suka ji?

Tsohon Ma'aikaci, Sandamu

Malam, sannu da garau-garau. Ka ba mace zaɓi tsakanin mai faɗa da mai ciyarwa, kuma kana mamakin wanda ta shiga mota da shi.

Ɓacin ranka yana kan hanya. Waɗanda suka sa hannu a waccan takarda sun tura ka dambe da ƙato, ba wutar lantarki, ba man injin mai araha, iyaka kuma a buɗe. Suka dawo da hotuna da alawus, kai ka dawo da fartanya. Sai dai ban ji an ce Haulatu na cikin tawagar ba. Ka rasa ministan da za ka kama, ka kama mai yi maka tuwo. Kafin ka sake zagin kowa, juya wayarka, fitilarka da dardumar sallarka ka karanta inda aka yi su.

Ita ma tana da nata laifin. Ɓoye wa miji sana'a ba daidai ba ne, kuma maganar da ta yaɓa maka ta yi kaifi, ko da yake ba ƙarya ta yi ba.

Rantsuwa tana da kaffara, je wurin limaminku ya yi maka bayani. Ai ta ma riga ta karye, a kan atamfar kake barci. Abokan aikin naka kuwa, bincika ka ji zanin da matansu ke ɗaurawa.

Ka je Zango biko da kanka, kada ka aika. Ka karɓi aikin Kalilu bisa sharaɗi: kaya su biyo ta kwastan, kada a sayar da na Sin da sunan na gida, kuma a ware kanta guda don 'yar atamfar gida da ta rage. In ya ƙi, ka nemi wani shagon, wanda ya san kaya ba ya rasa mai nemansa. In kuma faɗan kake so, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu na nan, can ne muryarka za ta yi amfani.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa ka tarar ba ta saba da zaman Zango ba.

Hajiya Maiturare