Dashen da Jan Dutse Ya Ƙi

Litinin, 3 ga Yuni

Ya sake mutuwa. Dashen da na yanko daga itacen furen da marigayi mijina Hedley ya shuka mana a ƙofar gida, na kai gindin jan dutse, daidai inda guguwar ƙanƙara ta kife motarsa. Kowace shekara haka. Na zuba ruɓaɓɓiyar ciyawar teku, na binne ƙananan kifi, takin da ke sa dankalina ya yi kamar kan jariri. A banza.

Ranar da abin ya faru na ce kada ya fita, ya ce ni ba uwarsa ba ce, ya buga ƙofa. Ni ke da gaskiya, shi kuwa mijina bai iya yafe wa mai gaskiya ba. Ranar da dashen ya kama, zan san ya huce.

Laraba, 5 ga Yuni

Yayarsa Drusilla ta ce, "Effie, ƙanen nan nawa tun yana yaro sai ya yi mako yana gaba don an riga shi ɗaukar cokali. Ki ci gaba da lallashi." Na yanko wani.

Juma'a, 7 ga Yuni

An kama ni. Ina durƙushe da shebur sai ga wata yarinya da rigar ma'aikatan gandun gwamnati da dutsen ke ciki. Na san an hana shuka a nan, na ce yau sai tara.

Sai ta tsuguna kusa da ni. "Inna, ashe ke ce mai kawo itatuwan nan? Mun daɗe muna jin tausayinsu."

Na kwashe komai na gaya mata, ban san me ya sa ba. Da na gama, ta miƙo min wani dutse da sanyi ya tsaga. Bayansa ja, cikinsa baƙi mai ratsin kore. A nan garin Trout River aka haife ni, ban taɓa duba cikin dutsen nan ba.

Wai jan tsatsa ce kawai. Wai daga can ƙarƙashin gindin teku ya fito, lokacin da nahiyoyi suka yi karo suka tunkuɗo shi sama, tun babu mutum, babu ko bishiya a duniya. Ƙarfe iri-iri ya yi masa yawa, abincin tsiro kuwa babu. Da saiwa ta taɓa shi ta sha guba.

Na ce, "Ko wa ya shuka?"

"Ko fastonku ne, Inna."

Ita ta raka ni har mota.

Asabar, 8 ga Yuni

Ban ci komai ba. Ashe ba shi ba ne. Duk shekarun nan da dutse nake jayayya.

Lahadi, 9 ga Yuni

Bayan coci na gaya wa Drusilla. Ta ce, "Kai, 'yan boko. Sun san Hedley ne?" Amma shayi ya zube mata a siket, ba ta ko lura ba. Ashe ita ma jira take.

Ya kamata in ji sauƙi, ban ji ba. Fushinsa kaɗai ya rage min. Duk shekara yana amsa min, ko da a'a ne. Yanzu gidan ya yi shirun da bai yi ba ko ranar jana'iza. Haushin yarinyar nan nake ji, alhali ba ta yi min komai ba.

Talata, 18 ga Yuni

Dashen na cikin bokiti a baranda. Ban kai ba, ban zubar ba. Mara kunya har ya fitar da saiwa.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na tuƙa mu zuwa garin Woody Point sayen fulawa. A hanya Drusilla na ba ni labarin ranar da Hedley ya faɗa ruwa da kayan coci, ya fito yana zagin kwalekwale. Na yi dariya har da hawaye. Sai da na tsaya a bakin kanti na lura mun wuce gindin jan dutse ban waiwaya ba. Ko gudu ban rage ba.

Drusilla ma ta lura. Ta gyara tabarau, ta ce fulawar bana ba ta da kyau.

Laifin labarin ne. Zan je in duba, in hanya ta bi da ni.