Bangon Gabas

Alhamis, 6 ga Maris, 2014

Sun mayar da ni ɓangaren ginshiƙai. Shekara tara ina gadi a gidan tarihin nan, aikina kalma uku: kar a taɓa. Tsohuwar nan Bafaranshiya, Madam Odile, ta sake zuwa. Duk Alhamis sai ta zo ta zauna gaban ginshiƙi guda kamar mai gaisuwar mara lafiya. Yau ta miƙa hannu, na yi gyaran murya. Ta janye.

Alhamis, 13 ga Maris

Ta ba ni labari ban tambaye ta ba. Wai duwatsun daga ƙauyensu suke. Gidan masu ibadar Kirista ne, ya haura shekara ɗari takwas. Aka kori masu ibadar, mutanen gari suka kwashe ginshiƙai suka yi garken shanu, daga baya wani Ba'amurke ya tattara, ya sa wa kowane dutse lamba, ya loda a jirgin ruwa ya kawo su nan ƙasarsu. Abin da ya rage shi ne cocin ƙauyen, can aka yi mata suna. Wannan ginshiƙin, in ji ta, kakanta a jikinsa yake ɗaure saniya. Na ce Allah sarki. Doka dai doka ce.

Lahadi, 16 ga Maris

Saani ƙanena ya kira daga gida. Lokacin yaɓen tsohon masallaci ya yi. Kowane gida da bangonsa, namu na gabas, kuma babban ɗa ne ke fara ɗora laka, in bai ɗora ba ba wanda zai taɓa. Tun rasuwar Baba ba a yaɓa namu ba, damina huɗu ke nan. "Yaya, ya tsage fa. Hannuna na shiga ciki." Na ce ya fara a madadina. Ya ce dattawa sun ƙi, ina da rai.

Na ce masa ba a ba ni hutu ba. Ban ma nema ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Matata Nimatu ta ce tsoro nake ji, ba aiki ba. Da gaskiyar matar nan. Ban je jana'izar Baba ba, da wane ido zan tsaya gaban shatin yatsunsa a bango? Baɗi, in sha Allah.

Talata, 2 ga Satumba

Bangonmu ya faɗi. Ruwan kwana uku. Ba wanda ya ji rauni.

Laraba, 3 ga Satumba

Na tambayi Saani ko an tsinci wani ɓangare mai shatin hannun Baba. Ya ce, "Yaya, laka ce." Ruwa ya wuce da ita kwata. Za su yi na bulo. Na tsaya awa takwas ina kallon duwatsun wasu, kowanne da lambarsa. Baƙin ciki kamar zai kashe ni.

Alhamis, 11 ga Satumba

Madam Odile ta zo, yanzu da sanda. Ba kowa sai mu biyu. Igiyar takalmina ta kwance, ko dai na ga kamar ta kwance. Na juya baya na durƙusa, na daɗe ina ɗauri. Da na miƙe tana share ido da bayan hannu, tafin kuwa ta dunƙule shi a ƙirji.

Ban ga komai ba, don haka ban rubuta komai a rahoto ba. Na karɓo takardar neman hutu, tana cikin aljihun kwat. Maris tukuna.