Na Rako Ka Gida, Bukar

Zuwa ga mijina, Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana iske ka inda kake kwance. Ni ce Falmata. Yau dai na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro a gaban jama'a, tunda ba ka nan balle ka ɗaga gira ka tambaye ni yaushe na fitsare. Na san ba za ka karanta ba. Masu bin shafina ne za su karanta, wasu su yi maka addu'a, wasu su ce wace irin mai takaba ce wannan. Su faɗa. Da kai nake magana.

Labarin gem ɗinka, wasan nan na talabijin, nake so in ba ka, amma bari in fara da abin da ba ka gani ba.

Ka tafi ɗaura sola a wani ƙauye ta wajen Biu, mota ta faɗi da ku a hanyar dawowa. Mutanen wurin suka yi maka sutura kafin labari ya iso mana Maisandari. Allah ya saka musu da alheri, sun yi abin da addini ya ce. Amma ni ban ga fuskarka ba, ban kuma ga an fita da kai daga ƙofar gidan nan ba. Ka fita da jakar aikinka kana cewa in bar maka burabisko, shi ke nan.

Da farko gidan ya cika har babu wurin aje ƙafa. Mahaifiyarka, Ya Hajja, tana riƙe da hannuna tana ta maimaita, “Kanadi, Falmata, kanadi.” Na yi haƙurin, don babu wani abin yi. Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke. Ƙanwar babana da aka bar mini ta fi son barci da hira, sai maƙwabciyarmu Rifkatu, nas ɗin nan, da ke leƙowa da kunun gyaɗa in ta taso aiki. Ba fita, ba kwalliya, ba turare. Ka san ni da turaren wuta. Kaskon yana nan bayan ƙofa ya yi ƙura, ɗakin kuma ya koma warin siminti kamar ranar da muka kama hayarsa.

Danginka sun zauna sun yi magana, kuma ban ga laifin kowa ba. In na fita takaba zan koma gidanmu a Ajilari, a mayar wa mai gida makullinsa. Talabijin da gem ƙaninka Bakura zai ɗauka. Ya faɗa da bakinsa, ba da mugunta ba, cewa zai goge abin da ke ciki ya sa ƙwallo, shi waɗannan na takobi ba sa burge shi.

Wata rana da hantsi ina goge ƙura na taɓa maɓallin ba da niyya ba, abin ya kunnu. Sai ga mutumin nan da ka ƙera da kamanninka, baƙi dogo, da ɗan gemun da ya ƙi cika, har da sunanka a samansa. Yana tsaye gefen wata 'yar wuta a daji, takobi a hannu, kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka. Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Tun daga ranar ban iya ce masa “shi” ba, “kai” nake ce masa, don haka ka yi haƙuri da yadda wasiƙar nan za ta ci gaba.

Na gane wurin ba gida ba ne. Ka taɓa kirana daga kicin, hannuna duk kuka, kana cewa, “Zo ki ga gidan da na saya mana, wannan ba haya ba ne.” Wani ɗan gida ne a gari mai ganuwa, da bishiya a ƙofa. Na ce maka in ka gama sayen na ƙarya ka zo ka gyara famfon na gaske. To yanzu ga ka a daji, nesa da gidan nan, kuma an ce za a goge ka a wurin. Na kasa haɗiye wannan, Bukar. Na ce kafin in fita takaba sai na kai ka gida.

Kai kanka ka san ban taɓa riƙe hannun gem ba sai in zan ɗauke shi daga kan kujera. Na juya shi sama da ƙasa. Ƙananan sanduna biyu da ake murzawa da babban yatsa, maɓallai huɗu a dama, wasu kuma a baya inda ido ba ya gani. Na tura sandar hagu, ka yi gaba ka bugi dutse, ka ci gaba da tafiya a jikinsa kana ta sheƙa ƙafa a wuri ɗaya. Na taɓa ta dama, duniya ta juye, sai sararin sama nake gani. Na yi kwanaki kafin in gane cewa ta hagu ƙafafunka ce, ta dama idanunka, kuma tare ake tafiyar da su. Ni da ke koya wa 'yan aji uku rubutu, na zauna ina koyon tafiya.

Sai rana ta ɗaga nake kunnawa, don batirin solar da ka ɗaura mana ya fara gajiya, mai gyaran kuma ka san inda yake. Daga hantsi zuwa azahar, in na yi salla in ɗan ƙara, la'asar na yi wuta ta fara ƙyafta ido. Na rage sautin ƙasa-ƙasa saboda masu shigowa gaisuwa. In na ji sallama sai in tura hannun ƙarƙashin hijabi in jawo carbi. Rifkatu ce kaɗai ta kama ni. Ta tsaya da kofin kunu tana kallon talabijin, ta daɗe, sannan ta ce, “Kai, har tsayuwarsa.” Ba ta faɗa wa kowa ba.

Abokan gāba na farko wasu karnukan daji ne. Da suka taso sai na rikice na danna komai a lokaci ɗaya. Ka yi tsalle, ka buɗe jaka, ka shanye kwalbar magani alhali lafiyarka lau, ka kuma juya musu baya. Akwai wani jan layi a saman allo, ina kallo yana raguwa ban san ranka ba ne. Da ya ƙare ka durƙusa, ka kife, allon ya yi duhu.

Na kashe abin na shige ɗaki. Kukan da ban yi ba ranar da aka kawo labari, saboda idon mutane, ranar na yi shi. Na rantse ba zan sake taɓawa ba. Washegari na kunna don in tabbatar na ƙarasa ka da hannuna, sai na gan ka tsaye gefen wutar nan kana numfashi kamar ba abin da ya faru. Na yi dariya, na yi istigfari, na kuma ji haushin abin har cikin raina. A can ana faɗuwa a tashi.

Daga nan na koma tsoro. Na gano maɓallin garkuwa a baya ta hagu, na danne shi na ƙi saki. Ko kaza ce ta gifta, garkuwa. Ban kai sara ko ɗaya ba, don duk lokacin da ka ɗaga takobi jikinka a buɗe yake, ni kuma ba na son abin da zai taɓa ka. Ashe akwai wani koren layi ƙarƙashin jan, na ƙarfin jiki, kuma kowane bugu da garkuwa ta tare yana cinye shi. In ya ƙare hannunka ya saki, su yi maka rubdugu. Sau da yawa kariyar da nake ba ka ita ta kashe ka. Dole na koyi sauke garkuwa in bar ka ka huta, in mirgina da kai gefe, in jira abu ya kai bugu ya wuce sannan in sara sau biyu in ja da baya. Sau biyu, ba uku ba. Na ukun kwaɗayi ne, kuma kullum sai an biya shi da jini.

Yanzu na fahimci abin da ya sa kake karkata jiki a kan kujera kana cije leɓe, ina yi maka tsiya wai ko kujerar ce za ta kauce. Nima haka nake yi. Babban yatsana na hagu har ya yi kanta.

Akwai gada tsakanin dajin da hanyar gari, da wani ƙato mai gatari yana gadinta. Na tuna shi, don shi ne wanda kake cewa, “Bari in wuce wannan in zo,” abinci yana hucewa. Ashe ba ka wuce shi ba, malam, ko ta ina ka bi ka shiga dajin, oho. Ka tafi ka bar mini. Ya fi mako biyu yana shimfiɗe ka, har na haddace shi. In ya ɗaga gatari sama, a mirgina hagu. In ya ja shi ƙasa, a ja da baya. In ya yi ruri, a sha magani da sauri don zai ɗan tsaya. Ranar da ya faɗi, layinka saura ɗan mitsitsi, kwalabe duk sun ƙare. Na miƙe tsaye na juya don in gaya wa wani. Gwaggo tana barci, fanka tana juyawa. Na koma na zauna.

Bayan gadar ne na yi kuskuren buɗe taswira. Ina neman hanya sai na ga alamar ɗan gida, na danna, aka tambaye ni ko ina so a kai ka can yanzu. Yanzu, Bukar, da danna ɗaya. Ashe tun ranar farko da na san wannan, da ba karnuka, ba ƙato, ba kanta a yatsa. Na zauna ina kallon tambayar har allon ya dushe. Sai na danna a'a. Ba haka ake rakiya ba. Kuma gaskiyar da ta fi wannan ita ce, in na kai ka a ranar, ban san abin da zan yi da gobe ba.

Saboda haka muka tafi a ƙasa. Na ma daina sa ka gudu. Muka bi ta gonaki, muka ratsa wani ƙauye, na tsaya da kai wurin duk wanda ake iya yi wa magana, ko da ba shi da abin faɗa sai farashin kifi. Na saya maka sabon takalmi. Wani lokaci in tsayar da kai a bakin rafi in je in dafa shayi in dawo, in tarar kana nan. Tunda aka ɗaura mana aure ba mu taɓa yin doguwar tafiya tare ba, kullum sai bayan aikin nan, sai bayan azumi. Wannan ita ce tafiyarmu, kuma na ja ta iya yadda zan iya.

Amma hanya tana ƙarewa. Mun shiga garin, na gane bishiyar. Na kai ka ƙofa, rubutu ya fito cewa a danna a shiga, sai na kasa. Kwanaki na yi ina kunnawa in gan ka a ƙofar in kashe. Ya Hajja ta aiko da sabon mayafin lufaya da turaren da zan sa ranar fita. An fara ɗaure kwanuka a kwali. Bakura ya aiko a gaya mini zai zo da keke napep gobe da safe.

Yau bayan azahar na danna.

Ɗaki ɗaya ne, da murhu, da tebur, da gado a lungu. Na shiga jaka na cire maka sulke, na cire hular ƙarfe, na aje takobi da garkuwa a akwati. Ka rage daga kai sai 'yar riga. Na matsa da kai kusa da gadon, rubutu ya fito cewa a danna a kwanta, nan ne ake ajiye wasa. Na ɗora yatsana a kan maɓallin, na ɗauke. An riga an kwantar da kai sau ɗaya ba tare da ni ba, ni ba zan yi ba. Na dawo da kai tsakiyar ɗaki, na juyo da fuskarka wajena, na aje hannun a kan tabarma. Ka tsaya kana numfashi, kana jiran in sa ka wani abu, ni kuma ba ni da sauran abin da zan sa ka. Mun daɗe a haka har wuta ta fara ƙyaftawa. Kafin ta ɗauke da kanta na miƙa hannu na zare wayar. A gida na bar ka, a tsaye.

Ya Allah, ga bawanka Bukar. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa a ƙasar da ban taɓa takawa ba, Ka sa waɗanda suka wanke shi su sami mai wanke su. Ka ba Ya Hajja haƙuri. Ni kuma Ka ba ni ƙarfin fita daga ƙofar nan gobe, Ka haɗa mu a gidan da ba a tashi. Amin.

Wassalam.

Matarka,
Falmata
Maisandari, Maiduguri