Gwangwanin da Ke Ƙarƙashin Gadona

Illela, 9 ga Agusta, 1988

Zuwa ga Yayana Mukhtari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyali a Kaduna. Mu ma da sauƙi, sai dai Inna har yanzu ba ta cin abincin kirki.

Yaya, zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ce na juye maganin ƙwarin nan a kwalbar lemo. Baba ya sayo shi a Konni don feshin wake, na ga gwangwanin yana yoyo, na juye, na ajiye a gindin randa. Na ce bari in ƙarasa shafi ɗaya na littafin soyayyar da ƙawata Jamilatu ta ara mini, sannan in rataye kwalbar sama. Ban ɗago kai ba sai da na ji salatin Inna. Autarmu Saudatu ta sha.

Inna ta ɗura mata manja da nono, ta sa mata yatsa ta yi amai, yadda kowa ke yi. A asibiti malamin ya tambaya mi ta sha, ina mazubinsa, domin kowace guba da makarinta. Kwalba ba rubutu, Baba yana gona a Araba. Gwangwanin kuwa na riga na tura shi ƙarƙashin gadona don tsoro. Na yi shiru, Yaya. Kafin a samu motar Sakkwato, Allah ya karɓi abarsa.

Baba ya ɗauka Inna ce ta juye, ita ta ɗauka shi ne, ba wanda ya tambayi wani. Tun da aka ce mata manja ba ya karya guba, kullum cewa take ita ta kashe autarta. Ina ji, sai in sunkuyar da kai. Da-na-sani ƙeya ce.

A wasiƙarka ka rubuto cewa ofishinku na tattara sunayen gubar da ke shigowa ta kan iyaka, don kowane ƙaramin asibiti ya samu takardar makari da inda zai buga waya. Ga gwangwanin, na naɗe shi a tsumma. Rubutunsa Faransanci ne. Wataƙila ya ceci 'yar wani.

Don Allah ka rubuto wa Inna gaskiya, ni bakina ya kasa, ko da ba za ta sake dubana ba.

Ka gaida Anti Hindatu da Kawu Lawwali. Sau uku ina yaga irin wasiƙar nan. Hamidu direba zai tashi bayan Azahar, wannan kam zan miƙa masa.

Ƙanwarka,
Ummul Khairi