Gwangwalar Babanka da Layin da Na Tsallake

Ƙaura Namoda,
18 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga ɗana Armiya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya buɗa maka karatun jirgin ruwa da ya kai ka Fatakwal. Mu nan damina ta yi albarka, geron Badarawa ya fitar da kai. Inno tana lafiya in ban da ciwon gwiwarta, ƙanwarka Lauratu kuma ta shiga aji biyar. Babanka ne ba lafiya, kuma dominsa na zauna rubutun nan. Kada hankalinka ya tashi, yana ci yana sha. Amma ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke wata shawara.

Ka san tun da aka fara shari'a dattawan mashigi suka ce a riƙa fiton mata daban, maza daban. Babanka bai yi musu ba, sai dai sawu ya ninka. Ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi akan bar mata a bakin gulbi da ƙoren nono har hantsi ya dubi ludayi, nonon ya yi tsami kafin su isa. Shi ya sa ya yarda aka ɗaura wa kwalekwalen ƙaramin inji mai farfela. Da gwangwala da filafili minti goma sha biyu ake ƙetarewa. Da inji kaɗai, biyar. Sai dai inji ya mayar da babanka, Yaya Maiwada, fasinja a jirginsa. Mutumin da ya yi shekara talatin a tsaye a gindin jirgi yana dogara gwangwala, ga shi zaune ya naɗe hannu. Yakan ce mini har kunyar haɗa ido da mutane yake ji.

Ana haka takardarka ta iso, wadda ka ba da labarin jirgin da aka kai ku gani, mai inji iri biyu, ƙarami na tafiyar yau da kullum da babba na gudu. Na karanta masa ita kamar yadda na saba. Ni kuwa ka san halina, abin da ya burge ni ba na iya riƙe shi. Na ce masa ai abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan, ƙarfi in ya haɗu da ƙarfi ƙaruwa yake. Na ce a kunna inji, yaran jirginsa Hamisu da Nasidi su ja filafili, shi kuma ya koma kan gwangwalarsa, mu ga ko ba za mu ƙetare a minti uku ba. Rabon da in ga fuskarsa ta washe haka tun ranar da ka ci jarrabawa. Hamisu ya so ya yi magana, na ga bakinsa ya motsa, amma wa zai ce wa mai jirgi ya ajiye sandarsa?

Ranar Asabar muka gwada, ba fasinja, ni ina tsakiya da agogo a hannu. Da inji da filafili biyu rabin minti kawai muka rage, don ruwa yana ƙara turjiya ne gwargwadon yadda ka matsa masa. Wannan kaɗai ya isa ya sa in tsaya, ban tsaya ba. A sawu na biyu babanka ya miƙe ya kafa gwangwala. Jirgin ya riga hannunsa gudu. Kafin ya zare ta mun wuce wurin, ta cije a laka, shi kuma bai taɓa sakin gwangwala ba a rayuwarsa. Ta fizge shi ta baya, kafaɗarsa ta daki gefen jirgi, ya faɗa ruwa. Nasidi ne ya tsamo shi. An kai shi wurin maɗori a Zurmi, sannan asibiti a nan Ƙaura. Ƙashi ya haɗe, amma hannun dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, kuma an ce da wuya ya koma yadda yake.

Da ya dawo gida sai ya sa aka kira ni, ya ce in rubuta maka ka tattaro kayanka ka dawo ka karɓi fito. Ya ce makarantar da ke koya wa yaro dabarar jefa ubansa a ruwa ba makaranta ba ce. Inno ta yi kuka, ya ce ya gama magana. Kwana tara ina ɗauke da wannan saƙo ban rubuta ba, saboda na san abin da shi bai sani ba. A ƙasan takardarka ka rubuta cewa injinan nan biyu ba a sakinsu haka kawai. Akwai na'urar da ke daidaita su, kuma idan babban ya ɗauki gudu sai a cire ƙaramin, don in an bar shi zai zama birki, ya lalace. Na ga wannan layi tun ranar farko. Na tsallake shi, don na ga yana murna, kuma don ina son a yi gwajin.

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci na je na durƙusa gabansa, na sake karanta takardar tun daga sallama har sa hannu, na nuna masa da yatsa inda na tsallake. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce ashe a can ma in sabo ya tashi tsoho ake ce wa ya zauna. Ya ce a bar ka ka gama karatunka, tunda kai ka faɗi gaskiya, Hamisu ya riƙe jirgin. Ni kuwa ko kallona bai yi ba da na yi sallama.

Don haka kada ka zo sai hutu. Ka dage da karatu, ka riƙa karanta abu har ƙarshensa, kada ka yi irin na baffanka. Ka rubuto masa da wuri, yana jira ko da ba zai faɗa ba. Sai dai a bayan ambulan ka sa sunan Lauratu, don ya ce daga yanzu ita za ta riƙa karanta masa.

Inno tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Adda Salima da yaranta, da Hamisu da Nasidi, duk suna gaisuwa. Ka sa babanka a addu'a, ni ma ka roƙa mini ya yafe.

Wassalam. Ni ne baffanka,
Jibrin.